SIFILIN DA KE CIKIN RAJISTA

Na san da yawanku ci gaban labari kuka leƙo nema, kuna son jin yadda za ta kaya tsakanin amarya da uwargida, to ku yi mini haƙuri na yau kawai. Wata magana ce ta tsaya mini a wuya, kuma ta shafi 'ya'yanmu da ƙannenmu na karkara, musamman na yankinmu na gabashin Kano, ƙasar Gaya da Ajingi. Maganar fashin makaranta ce.

Duk wanda ya yi firamaren gwamnati ya san rajista, wannan dogon littafi mai layi-layi da malamin aji ke buɗewa da safe ya kira suna. Idan ka amsa a yi maka ɗan karan layi a gidanka, idan ba ka nan a zagaya maka sifili. Ƙarshen zango a ƙirga, a rubuta a katin sakamako cewa an buɗe makaranta sau kaza, yaro ya zo sau kaza. Shi ke nan. Matsalar ita ce wannan sifili ba ya magana. Yaron da zazzaɓi ya kwantar sifili ne, wanda kakarsa ta rasu sifili ne, wanda ruwa ya cinye hanyar garinsu sifili ne, wanda ya sa kayan makaranta ya zarce gidan kallon ƙwallo shi ma sifili ne, haka yarinyar da aka ɗaura wa aure wata biyu da suka wuce, tana can ɗakinta tana tuƙa tuwo, sifilinta iri ɗaya ne da na sauran. Mutum biyar, dalili biyar, amma alama ɗaya. To ta yaya za a yi maganin ciwon da ba a san sunansa ba?

Doka dai akwai ta, ba a rasa ba. Tun ranar 30 ga Satumba, 1999 Obasanjo ya ƙaddamar da shirin UBE a Sakkwato, sannan a 2004 aka yi masa doka wadda ta wajabta wa kowane uba ya tabbatar ɗansa ya yi firamare da ƙaramar sakandare, shekara tara ke nan, kyauta. Dokar ta ce uban da ya ƙi, karon farko a ja masa kunne, karo na biyu tarar Naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya, daga nan kuma Naira 5,000 ko wata biyu. A 2023 har an kai ƙudiri Majalisar Dattawa na a ɗaga tarar ta kai Naira 50,000. A nan Kano kuma gwamnatin Ganduje ta shelanta ilimi kyauta kuma dole a 2019, aka sa hannu a dokarsa a 2020, sannan a watan Yuni na 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi, inda aka ambaci cewa yaran Kano kusan miliyan ɗaya ba sa zuwa makaranta. Kun ga ke nan ta fuskar takarda ba mu da gyara.

Ni ina goyon bayan tilas ɗin nan, kada wani ya fahimce ni a baibai. Uban da ya hana ɗansa sanin baƙi da fari a wannan zamani ya cuce shi cuta mai tsanani. Amma jama'a, uban da ya kasa bai wa ɗansa kuɗin tara da safe, shi za a je a ci tara? Kuma wa a cikinku ya taɓa ganin an gurfanar da wani magidanci a gaban majistare saboda ɗansa ya yi fashin mako biyu? Dokar ta iya lissafa hukunci daki-daki, amma ba ta zauna ta lissafa uzuri ba. Ta bar wannan a hannun hedimasta da malamin aji, su kuma abin da ke hannunsu biro ne da tsumagiya.

Wannan ya ba ni mamaki, domin mu mutane ne da muka gāji sanin uzuri. Sallar Juma'a wajibi ce a kan namiji baligi mazaunin gari, amma littattafan fiƙihunmu na Malikiyya ba su tsaya a kan wajabcin kawai ba, sai da suka zayyana abin da ke sauke ta: rashin lafiya, jinyar wanda ba shi da mai kula da shi, ruwan sama mai ƙarfi, taɓo mai hana tafiya, tsoron a cutar da mutum a hanya. Malamai sun san cewa umarnin da bai san uzuri ba, ƙarshensa a daina jin tsoronsa gaba ɗaya, mai uzuri da maras uzuri su haɗu su yi watsi da shi. Abin da ya sami dokar makarantarmu ke nan.

Bari mu zo kan babban dalilin sifili a yankinmu, wanda kowa ya sani amma a taron ilimi ba a cika faɗarsa ba, wato gona. Mutumin Toranke ko Balare ko Gafasa ko Kunkurawa, haka na Kademi da Shagogo, abin da zai ci shekara daga gonarsa yake fitowa, kuma ba shi da tarakta, ba shi da kuɗin 'yan ƙwadago, ma'aikatansa su ne 'ya'yansa. Yanzu ku ɗauki kalandar makaranta ku ɗora ta a kan kalandar gona ku gani. Zango na uku yana tafiya ne daidai lokacin da ruwa ke sauka, ga shuka ga noman farko, wanda idan ka yi sakaci da shi na mako ɗaya ciyawa ta gama da kai. Dogon hutu ya zo a watan Agusta. Sai a koma sabuwar shekarar karatu a Satumba, daidai lokacin da gero ya nuna ana yanka, daga nan a shiga cirar gyaɗa, a shiga roron wake, wanda shi ba ya jira, in ka bar shi rana ta buge shi sai ya fashe ya zube a ƙasa, sannan dawa ta biyo baya wajen Nuwamba zuwa Disamba. Wato zangon farko, wanda a cikinsa ake aza harsashin karatun shekara, shi ne gaba ɗayansa ya faɗa cikin kaka. Wanda ya tsara kalandar nan ɗan ma'aikaci ya duba, wanda ubansa ke jiran ƙarshen wata, bai duba ɗan manomi ba.

Akwai wani yaro ɗan 'yar uwata a wani ƙauye can wajenmu, yana aji biyar, yaro mai kai, shi ke karanta wa uwarsa saƙon waya. Wata kaka ubansa ya kwanta ciwo, wake ya bushe a gona, sai yaron ya yi kwana goma sha biyu yana roro shi da ƙannensa. Ranar da ya koma ba wanda ya tambaye shi ina ya shiga. Aka fito da shi gaban asambali aka zane shi, aka ce ya zama darasi ga masu gudun makaranta, ya shiga aji ya tarar an wuce shi a lissafi, aka yi gwaji ya ci sifili na biyu. Bai ƙara mako uku ba ya ce shi ya gama. Yau yana tura baro a wata kasuwa a birni. Yaron nan bai guji makaranta ba, hatsin gidansu ya ceto, amma makaranta ba ta da gidan da za ta rubuta wannan a cikin littafinta.

Abin haushin shi ne makarantar allo ta riga ta warware wannan matsala tun kafin Bature ya zo. Malamin tsangaya ya san damina ya san rani. Idan ruwa ya sauka karatu ya koma na asuba da na dare, rana ta gona ce, almajiran da suka yi nisa da yawansu su koma gida su taya iyaye aiki, idan an kai amfani rumbu sai a ɗauki allo da buzu a fita, karatu ya kankama har wata daminar. Ga hutun Alhamis da Juma'a wanda kowa ya san da shi. Shi ya sa ba ka taɓa jin manomi yana ƙorafin cewa makarantar allo ta hana shi noma. Ita boko tun da Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nasarawa a 1909 take tafiya da agogonta, kuma tsofaffi suna ba da labarin zamanin En'e, lokacin da ake aiko wa hakimi cewa ya kawo yara kaza, dogari ya shigo gari, uwa ta ɓoye ɗanta a rumbu. An yi tilas a lokacin iya tilas, kuma ga inda muke har yanzu.

Kada wani ya ce ai daidaita karatu da gona ci baya ne. Turawan da muka kwaso tsarin a wajensu sun yi. A Sikotlan hutun da suke yi a watan Oktoba asalinsa hutun haƙar dankali ne, ana sakin yara su je su taya aiki a gona. Jamusawa ma sun yi irinsa. A jihar Maine ta Amurka, a yankin da ake noman dankali, an daɗe ana rufe makarantun sakandare na 'yan makonni saboda girbi. A nan gida ma Hukumar Ilimin Makiyaya da aka kafa a 1989 an gina ta ne a kan cewa ɗan makiyayi ba zai iya bin agogon ɗan birni ba. Kuma a 2025 mun ga Kano da Katsina da Kebbi da Bauchi sun gyara kalanda sun rufe makarantu saboda azumi, aka yi ta ka-ce-na-ce, amma dai ya nuna kalandar ba wahayi ba ce, alƙalamin kwamishina yana iya motsa ta. To in za a iya motsa ta saboda azumi, me zai hana a yanko mako biyu daga dogon hutu a kawo su tsakiyar kaka, ga ƙananan hukumomin da noma ne rayuwarsu? Yaran dama ba za su zo ba. Bambancin kawai shi ne a yanzu suna tafiya ne a ɓoye ana ci gaba da darasi babu su, rabin aji ya wuce rabin aji, a wancan tsarin kuwa kowa ya tafi tare ya dawo tare.

Na san abin da wasu za su ce, cewa wannan halatta bautar da yara ne. Ina jin su. Akwai uban da in ka ba shi mako biyu zai ci wata biyu, akwai kuma mai tura ɗansa ƙwadago gonar wani ya karɓe kuɗin. Amma ai iyaka ita ke ba ka bakin magana. In hukuma ta ce ga kwanakin girbi mun ba ka, ranar kaza muna son ganin yaro a aji, to ranar da ya saɓa kana da hujjar da za ka tsaya a ƙofar gidansa. A yanzu kuwa da ka buɗe baki zai ce maka, “Malam, in ya zauna a aji kai za ka ciyar da mu?” Kuma ba ka da amsa.

Sai rashin lafiya. A makarantun kuɗi na birni in yaro ya yi fashi ana cewa a kawo takardar likita. A ƙauyen da ke da tafiyar awa guda a babur kafin a kai asibiti, wa zai ba ka takarda? Zazzaɓin cizon sauro yana tsananta ne daga tsakiyar damina zuwa farkon kaka, daidai komawa makaranta, kuma maganinsa a kemis ake saya ko a jiƙa saiwa. A 2023 da cutar mashaƙo ta addabi Kano, uwar da ta tsare ɗanta mai ciwon wuya a gida ai taimakon ajin gaba ɗaya ta yi, ta cancanci godiya, amma a rajista ɗanta da mai gudun makaranta ba su da maraba. Haka ambaliyar 2022 da ta rushe ɗaruruwan gidaje a ƙaramar hukumar Ajingi, yaron da ɗakin uwarsa ya faɗi, littattafansa suka jiƙe, wa zai ce ya yi laifi don bai zo ba? A Ingila, inda suke cin tarar iyaye da gaske, tun daga watan Agusta na 2024 fam 80 ne, ya koma fam 160 in an wuce kwana 21 ba a biya ba, rajistarsu tana da alama daban ta rashin lafiya, daban ta ranar ibada, daban ta wanda ya nemi izini, kuma fashin da ba shi da izini kaɗai ake ƙirgawa a kan uba. Mun kwaso tarar, mun baro alamomin. Alhali ba kuɗi abin yake ci ba, harafi uku ko huɗu ne a cikin gidan da ake zagaya sifili, kuma shaidar mai unguwa ko ta limami ta isa ta tsaya a madadin takardar likita.

Yanzu kuma kada a ce na wanke kowa. Akwai gudun makaranta na gaskiya, kuma yana ƙaruwa. Yaro ya fito gida da kayan makaranta fes, uwa ta ba shi ɗumame, ya bi ta bayan gari ya cusa rigar a jaka, ya wuni a gidan kallo ko shagon cajin waya ko tasha, lokacin tashi ya shigo cikin ayarin 'yan makaranta ya dawo gida yana hamma kamar wanda ya sha karatu. Ranar kasuwa kuwa ba a magana, ajin manya sai ka ƙirga su da yatsu. Irin wannan yaro uban bai sani ba, domin makaranta ba ta aika masa ba, malamin kuma ya ɗauka yana gona. Sifili ya rufa masa asiri a ɓangare biyu. Sai ƙarshen shekara a ga ya kasa rubuta sunansa, ko a gan shi da abokan da suka koya masa shaye-shaye. Shi wannan ne ya kamata tsanani ya hau kansa, shi da mai gidan kallon da ke buɗe wa yara ƙofa da ƙarfe goma na safe ranar Talata. Yau kusan babu gidan da babu waya ko ta maƙwabci. In yaro ya yi kwana uku ba bayani, kiran minti ɗaya ya isa, in ba a samu ba a aika wa mai unguwa. Kwamitin SBMC da aka kafa a makarantu, wanda ke da iyaye da masu unguwanni da mata a ciki, ai wannan ne aikinsa na farko, kafin zancen gyaran rufi.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne sifilin 'ya mace, domin shi ba ya zuwa da hayaniya. Yau ba ta zo ba an ɗora mata tallan gyaɗa, gobe uwarta ta haihu ita ce mai aikin gida har a yi arba'in, in ta fara girma kuma ga kwanakin al'ada a makarantar da ba ta da banɗaki mai ƙofa, abin da ba za ta iya buɗe baki ta gaya wa malami namiji ba, sai dai ta sha bulala ta yi shiru. Daga kwana biyu a mako ya koma uku, daga nan a ji ana rabon goro. Sunanta kuwa yana nan a rajista har ƙarshen shekara, wani lokacin har a ɗaga shi zuwa aji na gaba, domin yawan suna shi ke nuna makaranta tana da rai. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wadda ita kanta an cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana ƙarama, ta rubuta Wa Zai Auri Jahila? tun 1990 a kan wannan, mun karanta mun yi kuka, yau fiye da shekara talatin labarin bai tsufa ba a ƙauyukanmu. Shirin AGILE na Bankin Duniya da aka amince da shi a 2020, wanda Kano ke cikin jihohinsa na farko, ya zo da tallafin kuɗi ga iyayen 'yan mata don su bar su a makaranta. Dabara ce da aka gwada a wasu ƙasashe, Barazil ta fara nata a 2003, inda a lokacin sharaɗin shi ne yaro ya halarci kashi 85 cikin ɗari na kwanakin karatu. Amma duk irin wannan shiri a kan rajista yake tsayawa. In rajista ta yi ƙarya, kuɗin ya tafi gidan da yarinyar ta daɗe da barin aji, wadda ke zuwa kullum da yunwa kuma ta tashi a tutar babu.

Akwai kuma rajista ta biyu da ba a cika leƙawa ba, wadda malamai ke sa hannu a ofishin hedimasta. Ban zo cin mutuncin malamai ba, na san akwai wanda ke hawa babur daga Gaya ko Wudil kullum da man da albashinsa ba ya iya saya, na san akwai makarantar da malami biyu ke riƙe da aji shida. Amma yaro ba wawa ba ne. In ya tako tafiyar rabin awa ya zo ya zauna a ƙasa, monita ya rubuta sunan masu surutu har a tashi ba wanda ya shigo, yau an ce malamai sun tafi tantancewa sakatariya, gobe an ce albashi ya shigo an tafi cirowa, jibi ana biki, to ranar da ubansa ya ce ya zo su tafi gona ba zai yi gardama ba, kuma uban ya fi mu gaskiya. Ba ka da bakin dukan yaro a kan makarar minti goma in kai kanka ranar Litinin ba a gan ka ba. Mun kuma ga abin da abinci yake yi. Lokacin da gwamnatin Kwankwaso ta riƙa ciyar da 'yan firamare, da lokacin shirin ciyarwa na tarayya da aka fara a 2016, azuzuwan ƙananan yara cika suke yi ba tare da an ɗaga tsumagiya ba, har da ƙannen da shekarunsu ba su kai ba. Da tukunya ta sauka sai aka ga su waye suka rage.

Don haka ni kirana ba ga Abuja yake ba, ta yi mana nisa. Ga Sakataren Ilimi na Ajingi da na Gaya nake magana, da hakimai da dagatai, domin abin da nake nema yawancinsa bai wuce ƙarfinsu ba. A zauna da iyaye farkon shekara a ƙarƙashin bishiya a faɗa musu da Hausa abin da makaranta ta yarda uzuri ne da abin da ba ta yarda ba, kwana nawa ne na rasuwa, kwana nawa ne na biki, wa za a gaya wa in yaro ya kwanta. Yaron da ya dawo daga uzuri a tambaye shi kafin a taɓa shi, a sa wani ɗan ajin ya zauna da shi ya kwafi abin da ya wuce shi. Yarinyar da ta yi mako guda ba a gan ta ba, a tura mace daga cikin kwamiti ta shiga gidan, tun kafin a sa rana, domin bayan an karɓi kuɗin gaisuwa ba wanda zai saurare ka. Zancen hutun kaka kuwa su rubuta su kai SUBEB da ma'aikatar ilimi, 'yan majalisar jiha na yankin su bi bayansa, a gwada shi ko a mazaɓa biyu ne na shekara ɗaya, a ƙirga yaran da suka dawo aji a watan Nuwamba a kwatanta da na bara.

Malaman makaranta da ke cikinku, musamman masu koyarwa a ƙauye, ina son jin ta bakinku a kan hutun kakar nan, ko mako biyu ya isa ko bai isa ba, da kuma watan da ya fi dacewa a wajenku, tun da gero da wake ba rana ɗaya suke nuna ba. Ci gaban labarinmu kuma yana nan tafe a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.